Uwargida, Kin Taɓa Ganin Takardar Inshorar Gidan Da Kike Ciki?

Idan gidan da kike ciki da bashin banki aka saye shi ko aka gina shi, ga tambayar da nake so ki kwana da ita yau: kuɗin inshorar da banki yake cira, ya isa hannun kamfanin inshora kuwa? In ya isa, da sunan wa aka rubuta, kuma na shekara nawa?

Na san a Kangire da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram yawancin gidaje ba banki ne ya gina su ba. Kuɗin riɗi ne, da na adashe, da san da aka yi kiwo aka sayar. Bana a yi ɗaki, baɗi a ja katanga. Amma a cikinmu akwai matan ma'aikata, akwai kuma mata ma'aikata su da kansu, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofisoshin gwamnati a Birnin Kudu da Dutse, waɗanda gidansu ya samu ta hanyar lamuni. Da yawa sun bi ta Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa da doka a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, yake kula da shi. Shi ne wannan kashi 2.5 cikin 100 da ake cira a albashi. Mai zubi yana iya neman bashin gida a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Bashin sayen gida galibi yana bi ne ta bankunan lamunin gida masu lasisin Babban Banki, irin su Jigawa Savings and Loans na jiharmu.

Ki lura da hannayen da kuɗin yake ratsawa. Wurin aiki ya cira. Banki ya karɓa. Wani lokaci dillalin inshora ya shiga tsakani. Sannan kamfanin inshora. Ba sai wani ya yi niyyar cuta ba. Ya isa a ce ma'aikaci ɗaya ya tsallake layi a kwamfuta, ko an yi masa canjin wurin aiki bai miƙa fayil ba.

Inshora biyu ce, kada ki haɗa su

Bankin da ya ba da bashin gida yakan sharɗanta inshora iri biyu. Ta farko ta ginin ce: gobara da makamantanta. Ta biyu ta ran wanda ya ci bashin ce: idan rai ya yi halinsa kafin a gama biya, kamfanin inshora ya biya banki abin da ya saura, gida ya zama na magada ba tare da bashi a kansa ba.

Wannan ta biyun ita ce taki, ke da yaranki. Bari mu yi lissafi. A ce maigida ya karɓi Naira miliyan 5 a kan kashi 6, zai biya cikin shekara 20. Duk wata za a cire kusan Naira 35,800. Bayan shekara 5 ya biya sama da miliyan 2, amma da yake biyan farko-farko ruwa ne yake cinye mafi yawansa, abin da banki yake binsa har yanzu ya kai wajen miliyan 4.2. To a ce a wannan shekarar Allah Ya yi masa rasuwa. Albashi ya tsaya, bashi bai tsaya ba. Kin kuma san hukuncin gado: sai an biya bashin mamaci kafin a raba ko allura. Tumunin da ke da abokiyar zamanki za ku raba, da rabon marayu, duk daga abin da ya rage ne bayan bashi. Idan inshorar nan tana raye, ita za ta ɗauke miliyan 4.2 ɗin. Idan ta mutu ba a sani ba, daga haƙƙoƙinsa na aiki za a nema, ko daga gona, ko daga gidan kansa.

Abin da yake kashe inshora a ɓoye shi ne ƙa'idar nan ta "ba biya, ba kariya". An sa ta cikin Dokar Inshora ta 2003, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta tsananta aiki da ita daga 1 ga Janairun 2013. Ma'anarta, kamfanin inshora ba ya ɗaukar nauyin komai sai kuɗi ya shiga hannunsa ko hannun dillalinsa. Saboda haka alat ɗin da ya nuna an cire muku kuɗin inshora shaida ce kawai ta cewa banki ya cira. Ba shaida ba ce ta cewa an biya. Mutum zai iya shekara uku ana cirar masa, alhali tun shekarar farko ba a sabunta ba.

Ga wani abu da yake ƙara rufe ido. Bankuna da yawa ba sa yi wa kowane mai bashi inshorarsa daban. Yarjejeniya ɗaya suke ƙullawa da kamfani, su tura jerin sunayen masu bashi. Shi ya sa maigida zai ce miki shi ba a taɓa ba shi wata takarda ba, kuma gaskiya ya faɗa. A irin wannan, abin nema shi ne satifiket ko wasiƙa da take tabbatar da cewa sunansa yana cikin jerin wannan shekarar.

Inda kuskure ya fi maƙalewa

Suna. A nan ne mu 'yan Arewa muka fi shan wahala. Mutum ɗaya, a takardar ɗaukar aiki Mohammed, a BVN Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a gari kowa Mamman yake ce masa. Wani a makaranta an liƙa masa sunan garinsu, ya zama wane Kangire ko wane B/Kudu, a banki kuma sunan mahaifinsa ya bayar. Muddin yana raye wannan ƙaramin abu ne, rantsuwar kotu da 'yan takardu sun gyara. Ranar da babu shi, ke ce za ki tsaya gaban teburin wanda bai taɓa ganinsa ba kina rantsuwa cewa mutum ɗaya ne.

Ranar haihuwa ma haka. Da yawa daga cikin mazajenmu shekarunsu na takarda ƙiyasi ne, kuma na fayil ɗin aiki daban, na NIN daban. Kuɗin inshorar rai da shekaru ake auna shi, don haka saɓanin shekaru yana iya sa kamfani ya rage abin da zai biya ko ya ja lokaci yana bincike.

Sai batun lafiya, wanda na fi jin tsoro. Fom ɗin inshorar rai yana tambaya ko mutum yana da wata cuta. Sau da yawa ana cikin hanzarin karɓar makulli, ma'aikaci ya cike komai ya ce "sa hannu nan, sa hannu nan". Idan an rubuta lafiya lau alhali Malam ya daɗe yana shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, kamfani yana da hujjar ƙin biya, domin dokar inshora ta ginu ne a kan faɗin gaskiya tun farko. Gara a bayyana a ƙara ɗan kuɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma tsawon lokaci da adadi. Bashi na shekara 20, inshora an rubuta 10. Ko an sake tsara bashin, an ƙara shekaru ko an ƙara kuɗi, ba a sanar da kamfanin inshora ba. Ko ku biyu kuka haɗa albashi kuka ci bashin, amma ran mutum ɗaya aka rubuta.

A ɓangaren gini, ki sa a nuna miki da yatsa inda aka ambaci ambaliya da iska. Inshorar gobara zalla gobara ce da tsawa. Ambaliyar ruwa da guguwar farkon damina mai yaye kwano sai an ƙara su a matsayin haɗurra na musamman. Duk wadda ta ga abin da ruwa ya yi wa Jigawa a daminar 2022 ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ki duba lambar fuloti da unguwa, musamman a rukunin gidaje masu kama ɗaya, inda gida mai lamba 14 da mai lamba 41 ba su da bambanci a idon magatakarda. Ki duba kuma darajar da aka sa wa ginin. Inshorar gini tana da ƙa'idar biya gwargwado: idan sake gina gidan zai ci miliyan 10 amma an yi masa inshorar miliyan 5, gobara ta yi ɓarnar miliyan 2, miliyan 1 za a biya. Tun da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, duk darajar da aka rubuta shekarun baya ta zama tsohon zance. Kuma inshorar gini ba ta shafi kayan ɗakinki ba. Gado da kujeru da firij da keken ɗinki, in ana so, tasu daban ake yi.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda aka fi saurin gani, shi ne kuma mafi sauƙi: cira sau biyu, ko cirar kuɗin shekara guda alhali ana cira wata-wata, ko ci gaba da cira bayan an gama biya.

Kada ki ɗauka wannan halin bankunanmu ne kaɗai. A Birtaniya bankuna sun shekara da shekaru suna liƙa wa masu bashi wata inshora da wasu ba su nema ba, wasu ba za ta taɓa amfanarsu ba. Da asiri ya tonu, sai da aka mayar wa mutane sama da fam biliyan 38, aka rufe karɓar koke a ranar 29 ga Agustan 2019. A Amurka kuwa sai da aka yi doka a 1998 don tilasta daina cirar wata inshorar bashin gida idan bashin ya sauko zuwa kashi 78 cikin 100 na darajar gidan. Waccan inshorar banki kaɗai take karewa, ba iyali ba, shi ya sa ko a nan yana da kyau a tambaya ƙarara: idan abu ya faru, wa za a biya, kuma bayan an biya akwai sauran bashi a kanmu?

Yadda za ki taso da maganar

Idan bashin da sunanki yake, hanya a buɗe take. Idan da sunan maigida ne, banki ba zai ba ki bayanin asusunsa ba, kuma daidai ne. Aikin naki a gida yake. Na san nauyin abin. Mace ta ce wa miji "idan ka mutu fa", wani sai ya kwana yana juya maganar. Ba sai kin bi ta nan ba. Ki bari ya ci ya huta, ki ce: "Baban yara, na karanta cewa wani lokaci banki yana cirar kuɗin inshora bai kai ba. Kuɗin guminka ne. Don Allah in ka shiga Dutse ka karɓo mana takardar mu gani." Babu namijin da yake son a ce ana cirar masa kuɗi a banza. Idan kuna da abokiyar zama, a ganina gara a yi maganar a gabanta, don gobe kada a ce kin ɓoye takardun gida.

Abin da zai karɓo: wasiƙar tayin bashi da ya sa wa hannu, jadawalin biya, bayanan asusun bashin tun daga ranar farko, da shaidar inshorar nan biyu ta wannan shekarar, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar yarjejeniya da ranar farawa da ta ƙarewa. Wasiƙar tayin ita ce alƙali, domin a ciki aka rubuta wace inshora aka sharɗanta da wanda zai biya. Ku zauna da takardun albashi ku gwada wata da wata. In Turancin ya yi nauyi, ɗanki na sakandare ko ƙaninki zai karanta, ke ki riƙe biro.

Daga nan sai mataki ɗaya da mutane suke tsallakewa: a tuntuɓi kamfanin inshorar kai tsaye, a ba shi lambar, a tambaye shi ko an biya kuɗin bana kuma sunan yana ciki. Amsar kamfani ita ce magana, ba ta banki ba.

Ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki, ki tura wa mutum ɗaya da kika amince da shi. Takardar da take cikin akwati a gidan da ya ƙone ta ƙone tare da shi.

Idan an samu kuskure

A rubuce za a yi koke. "Yallaɓai ya ce zai duba" ba ya shiga fayil. Wasiƙa gajera ta isa: suna, lambar asusun bashi, abin da aka gani, kwanan wata da adadin kuɗi, da abin da ake so a yi, wato a mayar da kuɗi, ko a gyara suna, ko a sabunta inshora a kawo shaida. A yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a kan naku, a nemi lambar bin diddigin koken. Kwafin takardu za a haɗa, na asali su zauna a gida.

Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a fara kai kuka bankin da ake hulɗa da shi, a ba shi mako biyu, koken da ya shafi bashi da cajin da ya wuce ƙa'ida kuwa har kwana 30. Idan lokaci ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, a haɗa da kwafin wasiƙar farko mai hatimi. Ana iya turawa ta imel, ana iya kaiwa reshensa na Dutse. Ba a biyan ko sisi. Kada a yi ta jan ƙafa, domin Babban Banki ya sa iyakar shekara 6 ga irin waɗannan koke-koke. Idan kuma matsalar daga kamfanin inshora take, ya karɓi kuɗi ya ƙi biya ko yana ta yawo da hankali, NAICOM ce mai sauraron wannan. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, hukumar dai ita ce mai sa ido.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada fushi ya sa ku daina biyan bashin. Na san zuciya takan ce tunda sun ci namu, mu ma mu riƙe nasu. Wanda ya daina biya shi ya karya yarjejeniya, tara za ta hau, sunansa ya shiga rajistar masu taurin bashi, kuma inshorar rai galibi abin da jadawali ya nuna take biya, ba bashin watannin da aka tsallake ba. A ci gaba da biya, a ci gaba da koke. Idan kuskuren banki ne ya sa aka rubuta ku cikin waɗanda suka makara, dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da suke ajiye wannan rajista, irin su CRC da FirstCentral, ya kuma nemi a gyara.

Idan kuma aka gano akwai watanni ko shekarun da aka cira ba a biya ba, mayar da kuɗin kaɗai bai wadatar ba. A nemi banki ya rubuta cewa an maido da inshorar, daga yaushe, kuma a kan waɗanne sharuɗɗa. Mutumin da aka yi wa inshora yana ɗan shekara 38 lafiya lau, in aka ce a sake sabuwa yana 45 da hawan jini, kuɗin ba zai zama ɗaya ba, kuma bai kamata ku ne za ku ɗauki bambancin kuskuren da ba naku ba.

Na san wasu za su ce ai tun farko bashin ruwa da inshora abin dubawa ne a addini. Gaskiya ne, wannan tambaya ce ta malamai, kuma wadda ba su riga sun shiga ba ta yi ta kafin a sa hannu. Akwai zaɓi yanzu: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da ruwa ba, wasu sun biyo baya, NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki. Lokacin sabuntawa ana iya tambayar banki ko zai karɓi takaful. Amma wanda ya riga ya shiga, kuɗin da ake cira haƙƙinsa ne, barinsa ya salwanta ba tsoron Allah ba ne.

Idan abin da ake gudu ya faru

Allah Ya kiyaye, Ya ba mazajenmu tsawon rai. Amma in ta faru, ki sani kina cikin takaba wata huɗu da kwana goma, takardun banki kuwa ba su san takaba ba. Yarjejeniyar inshora tana son a sanar da wuri. Tun a makon farko ki wakilta wanki ko ƙanin mamacin ko babban ɗanki ya kai wa banki sanarwa a rubuce, ya karɓo kwafi mai hatimi. Za a nemi takardar shaidar rasuwa ta asibiti ko ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wannan kuwa ta fi wuyar samu idan a gida aka rasu aka yi jana'iza a ranar, kamar yadda muka saba, don haka a nema tun mutane ba su watse ba. A faɗa wa alƙali ko malamin da zai raba gado cewa akwai bashin gida kuma akwai inshora a kansa, don kada a yi gaggawar sayar da gona a biya abin da kamfani ne ya kamata ya biya. Kada ki sa hannu a wata takardar karɓar bashin a kanki sai an karanta miki an fassara.

In gobara ce ko ambaliya, a ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai, a samo rahoton 'yan kwana-kwana, a sanar da banki da kamfani nan take, kuma kada a fara gyara babba sai mai ƙiyasin kamfani ya zo ya gani.

Wadda kuma Allah Ya nuna musu ƙarshen bashin lafiya, akwai sauran tafiya ɗaya zuwa banki: a karɓo wasiƙar da ta ce an gama biya, da takardar sakin jingina, da takardar mallakar gida ta asali da aka ajiye a wurinsu. Sannan a duba takardar albashin wata biyu ko uku masu zuwa, a tabbatar layin cirar ya ɓace.